Rasuwar Ɗan Sittin, Injin Ɓare Gyaɗa na Gidan Dela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kuma da kai a ɗage, Inna Dela ta Roni, matar marigayi Malam Muhammadu Lawal mai awon gyaɗa, take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura, har da na tsallaken iyaka, rasuwar injinta na ɓare gyaɗa, wanda kowa ya sani da Ɗan Sittin. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a bazarar nan ta 1977, a gindin tsamiyar bayan gidanta inda ya yi dukan rayuwarsa yana aiki. Ya rasu yana da shekara goma sha bakwai, bayan wata gajeriyar jinya da ba ta kai a tafasa ruwan kunu ba.

Ya bar gadon buhu shida da rabi na gyaɗa da ɓawonta, suna nan a rumbu. Inna Dela ta ce a rubuta wannan tun daga sama, saboda masu karanta rabin takarda su tashi: gyaɗar nan iri ce, ta shuka ce, kuma ita kaɗai ta rage mai rai a wannan yanki. Duk wanda zai zo gaisuwa da niyyar ya ɗan yi cinikinta bayan an shafa fatiha, ya huta da tafiya.

An haifi marigayin a wata masana'anta da babu wanda ya san sunanta a Roni, domin rubutun jikinsa ya goge tun kafin a sami mai karanta shi. Abin da aka tabbatar shi ne, Malam Muhammadu Lawal ya sayo shi a Kano a shekarar da aka sauke tutar Turawa. Babbar mota ta kawo shi Kazaure, daga nan jakuna biyu suka ƙarasa da shi gida, gangar jiki a kan ɗaya, hannu a kan ɗaya. Daga shekarar ya samo sunansa. Ba shi da wani kyan gani, kuma ba a taɓa ce masa yana da shi ba. Kwarin ƙarfe ne kamar rabin ganga, ƙasansa raga, sai dogon hannu mai haƙora a gindi, wanda ƙato ke kamawa yana turawa yana jawowa. Ba ya shan fetur, ba ya hayaƙi, ba ya rashin lafiyar da sai an je Kano neman magani. Abincinsa ƙarfin mutum ne, sai ɗan man gyaɗa da ake ɗiga masa a gaɓoɓi kowace Juma'a.

Maganarsa ɗaya ce tun yana sabo har ya tsufa: ƙarrr-cas, ƙarrr-cas, ƙarrr-cas. Matan unguwa da ita suke sanin lokacin ɗora sanwa. In wani marar tsoron Allah ya cusa tsakuwa a buhu don nauyi, sai marigayin ya ce ƙas sau ɗaya ya tsaya cak, ba zai ƙara motsi ba sai an tono ta an nuna wa mai gyaɗar a gaban jama'a. Mutane da yawa a Roni sun shiryu ta wannan hanya.

Sanarwar mutuwa ba wurin tonon silili ba ce, amma Inna Dela ta ce ba za ta yi wa mamaci ƙarya ba. Zuwansa ya cire abinci daga bakin mutane. Kafin shi, mata wajen ashirin ne ke ɓare gyaɗar garin, wasu da turmi, wasu da yatsa, kuma da wannan suke sayen gishiri da sabulu. Masu saye a Kano suka ce sun gaji da fasasshiyar ƙwaya, lafiyayyiya suke so. Ɗan Sittin kuwa abin da mata ashirin ke yi a mako shi yake yi kafin la'asar. Cikin kaka ɗaya turame suka yi shiru. Shugabar matan nan, wata gajeruwar tsohuwa mai suna Inno, ta daɗe in za ta wuce ta gindin tsamiya sai ta tofar da yawu ta kau da kai.

Sulhu ya zo ne ta hanyar asara. A daminar sittin da ɗaya, manoman da suka shuka irin da inji ya ɓare suka ga gonakinsu sun fito giɓi-giɓi, nan tsiro can fili. Aka zargi ɓeraye, aka zargi ƙasa, aka zargi bakin mutane. Inno ce ta tako har zauren Malam Muhammadu Lawal, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ku kuka jawo. Abin nan naku yana ƙuje wa gyaɗa riga, yana fasa mata ido. Wadda za a ci ba ruwanta, amma wadda za a shuka ta mutu tun tana buhu. Ku kawo mana irin mu ɓare da hannu yadda muka saba, ku daina wahalar da ƙasa."

Tun daga ranar aka kafa doka a gidan, kuma ba a taɓa karya ta ba sai ranar Larabar nan: iri ba ya shiga bakin Ɗan Sittin. Kowace bazara, in hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai a lulluɓe shi da tabarma kwana bakwai. Tsofaffin da ya raba da turmi su kewaye shi da ƙorai, manoma su kawo irinsu, a zauna ana ɓarewa ƙwaya-ƙwaya da babban yatsa, ana ware mai ƙoshi ana zubar da motsattsiya. Ana ba matan tuwon rana da rabonsu na gyaɗa. Shi kuwa yana kwance a tsakiyarsu shiru, yana jin ana zaginsa cikin raha. Inno ta daina tofar da yawu a shekara ta uku, a ta huɗu har ita ke kawo tabarmar.

Malam Muhammadu Lawal ya riga mu gidan gaskiya a sittin da huɗu, Allah ya jiƙansa. Inna Dela ta fita takaba ta fito gindin tsamiya ta kama ragamar aiki. Masu tsokana suka fara kiran injin mijin Dela, ita kuma ba ta musa ba. Ta ce cikin duk waɗanda suka zo zawarcinta babu mai riga shi fara aiki da safe, kuma babu mai ƙarancin ƙorafi kamarsa.

Cikin kyawawan halayen marigayin, wanda za a fi tunawa shi ne rashin haɗama. Aiki ɗaya ya iya, shi kaɗai yake yi, ya bar wa kowa nasa. Yana fasa ɓawo, amma sai ya zubo shi haɗe da ƙwaya. Masu ilimin zamani sun ce wannan naƙasa ce. Inna Dela ta ce a rubuta cewa kara ce, domin da wannan naƙasar mata shida suka yi shekaru suna shiƙa da faifai suna ciyar da 'ya'yansu. Bayan masu shiƙa akwai masu tsinta. Bayan su akwai Shatu mai mai, wadda ke kwashe fasasshiyar ƙwaya ta soya ta daka ta matse, ta fitar da mai, ta murza tunkuza ta yi ƙuli-ƙulin da ake saye har kasuwar Achilafiya. Ɓawon ma bai taɓa zubewa banza ba: Adda, wata Bafulatana daga rugar bayan dutse, ke zuwa ta kwashe wa shanunta, ta bar ƙwaryar nono a madadinsa. Lauwali da Hamma, ƙarti biyu, su ke karɓa-karɓa a hannun injin. Sai masu jakuna, sai masu ɗinkin buhu, sai 'yan dako a tashar Kazaure, har a kai ga waɗanda ke tara dalar gyaɗa a Kano, waɗanda ba su taɓa jin sunan Ɗan Sittin ba amma sun ci albarkacinsa.

Ya ga shekarun arziki, ya ga na tsiya, kuma a gindin tsamiyar nan ne Inna Dela ta koyi karatun da ba a yi mata a allo ba. Ta lura cewa in manyan masu saye a Kano suka rage buhu ɗaya cikin goma, ɗan baranda na Kazaure sai tsoro ya kama shi ya rage uku. Mai jaki ya ji labari ya ɗaure jakinsa. Kafin maganar ta iso Roni ta zama babu, sai ka ga masu shiƙa zaune da faifai a cinya suna kallon hanya. In kuma Kano ta ɗan buɗe baki, nan sai kowa ya haukace, a nemi ƙarti huɗu maimakon biyu, a yi ta ɓara har hannun injin ya yi zafi. Na can sama ɗan gyara zama kawai suke yi, na ƙasa su ke faɗuwa su tashi. Shi dai marigayin bai taɓa canza murya ba, ko a shekarar cika ko a ta rashi.

Babban maƙiyinsa ya sauka Kazaure a saba'in da biyu. Wani attajiri, wanda ba za a ɓata tawada da sunansa ba, ya kafa ƙaton inji mai shan man dizal, mai ruri ana jinsa daga bakin kasuwa. Wannan ba shi da kara ko ta ƙwayar gero. Shi ke ɓarewa, shi ke shiƙa, shi ke zubawa a buhu, mutum biyu kawai yake bukata, ɗaya ya zuba ɗaya ya ɗaure. Ɓawo kuwa sai ya feso shi ta baya a tara a cinna masa wuta. Manoma suka fara wuce tsamiya da kayansu suna sunkuyar da kai. Inna Dela ba ta ga laifinsu ba, domin ta tuna yadda Inno ta ji a shekarar sittin, kuma ta ji kunya.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa ba sallama. Farin saba'in da uku ya ƙone gonaki. Kafin a farfaɗo sai kuɗin fetur ya fashe a birane, aka ce ko bulo kake ɗauka a Kano ka fi mai gona goma. Lauwali ya ajiye hannun injin ya tafi leburanci. Hamma ya tafi Legas gadi, ya aiko hoto da hular sanyi. Man girki ya fara zuwa a gwangwani daga ƙasashen da ba su san sunan Shatu ba, fari tas, ba ƙamshi ba ɗanɗano, amma mutane suka ce shi ne wayewa. A saba'in da biyar kuma cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa ta bi gonaki, ganye ya ƙanƙance ya murɗe, aka tona ba a sami komai ba. Ɗan Sittin ya koma aikin kwana biyu a wata, Inna Dela da Shatu ke kama hannunsa su biyu, suna turawa suna haki.

Babban kuskuren kuwa bara aka yi shi, kuma mutanen da suka fi kowa sani su suka yi. Ɗan irin da ya tsira daga cuta, manoma suka duba gida ba hannun da zai ɓare shi, samari duk sun tafi birni, hadari kuma ya matso. Sai suka ce ai wancan na Kazaure na zamani ne, ba irin tsohon ƙarfen Dela ba ne, ba zai ƙuje ba. Suka loda irinsu suka kai masa, ya ɓare musu kafin su gama gaisawa da mai shi. Aka yi ruwa, aka shuka, aka jira. Kwana goma, kwana goma sha biyar, ƙasa ba ta ce komai ba. Daga Roni har Gwiwa gona ɗaya ce ta fito cif, 'yar gonar Inna Dela, wadda ita da Inno suka zauna su biyu suka ɓare irinta da yatsa. Buhu bakwai ta samu. Ta sa a rumbu ta liƙe, ta ce ba ci ba sayarwa, na gidajen da suka ci abinci a gindin tsamiya ne, za a raba musu in shuka ta zo. Ƙaton injin Kazaure kuwa tun kakar bara bai sake ruri ba, don babu abin da zai ɓare. An ce wata kaza ta yi ƙwai a bakinsa har ta ƙyanƙyashe.

Yanzu sai bayanin jinya, kuma an rubuta shi da sanin wanda abin ya shafa. Inna Dela tana da ɗa guda namiji, Halliru, direban tifa a wani kamfanin gine-gine a Kano. Ɗa ne mai jin ƙan uwarsa, wannan ba a musu. Ya zo gida hutu da rediyo a kafaɗa da wando mai faɗin ƙafa, ya ga tafin hannun uwarsa ya yi kanta, ya ga buhu bakwai a rumbu alhali gyaɗa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Zuciyarsa ta ba shi shawara. Ya jira ranar Laraba da Inna ta tafi suna Gwiwa, ya ɗauko Julius makaniki daga Kazaure, da injin ban-ruwa na aro, da bel, da wata doguwar sandar ƙarfe. Nufinsa a haɗa wa Ɗan Sittin ƙarfin fetur, a ɓare buhunan kafin azahar, a kai kasuwa, ya buɗe wa uwarsa kanti ta zauna a inuwa tana sayar da man gwangwani da madara.

A yi wa Julius adalci, ya faɗi gaskiya. Ya ƙwanƙwasa jikin marigayin ya ce, "Maigida, wannan tsoho ne fa. Hannun mutum ya sani. In ka sa masa inji zai yi gudun da ba a yi shi don shi ba." Halliru ya ce a Kano ya ga an yi abin da ya fi haka. Aka ɗaura sanda a hannun injin, aka ja bel, aka farke buhu na farko aka zuba.

Waɗanda suka ji sun ce ba su taɓa jin muryarsa haka ba. Babu ƙarrr, babu cas. Sai kakakakaka, kamar mai jin sanyi yana haɗa haƙora. Tsamiya ta yi ta zubo ganye. Inno, wadda yanzu sai da sanda, ta jiyo daga gidanta ta gane ba lafiya ba, ta taho tana dogarawa tana kiran, "Halliru! Iri ne! Kai Halliru, iri ne!" Amma ƙarar fetur ta danne muryarta. Ɗan Sittin ya haɗiye rabin buhu. Daga nan ya yi abin da ya saba yi in an ba shi abin da bai halatta ba. Ya ce ƙas sau ɗaya, da ƙarfin da aka ji har masallacin Juma'a. Ƙashin bayansa ya karye biyu, haƙoransa suka watse cikin ƙasa, ragar cikinsa ta yage. Bel ya ci gaba da juyawa shi kaɗai har Julius ya kashe.

Masu cewa tsufa ne ya kashe shi, ra'ayinsu ne. Masu cewa gudu ne, sun fi kusa. Inna Dela ta ce a rubuta yadda ta gani: shekara goma sha shida ba a taɓa sa masa iri a baki ba, ranar da aka sa masa ya gwammace ya karye da ya cinye. Da ya yi haƙuri ya jure kamar yadda ake so tsofaffi su yi, da kafin azahar babu sauran gyaɗa mai rai daga nan har Babura.

Ta dawo da la'asar ta tarar da mutane tsaye cirko-cirko. Ba ta yi kuka a wurin ba, ko da yake ta yi daga baya, kuma ba ta ɓoye ba. Ta durƙusa ta tsince haƙoran ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin zane. Halliru ya tsuguna gabanta ya ce, "Inna, na yi laifi, ki yafe mini. Amma don Allah ki duba. Gyaɗa ta ƙare a ƙasar nan. Dalar Kano ma babu ita, fili ne yara ke ƙwallo. Kowa fetur yake ci yanzu. Ki bari in kai sauran Kazaure a ɓare, in sayar, ki huta."

Ta ce, "Na yafe maka, Halliru. Fetur ɗin a wace miya ake sa shi?"

Ya ce, "Inna, ba haka nake nufi ba."

Ta ce, "Na san abin da kake nufi. Shi wancan na Kazaure da ya fi nawa gudu, me yake ɓarewa tun bara? Ya cinye irin mutane, yanzu yana zaune yana jiran wani ya shuka masa. Kai kuma kana so in kai masa na ƙarshe ya ƙarasa. Ranar da ginin Kano ya tsaya, Lauwali zai dawo, Hamma zai dawo, kai ma za ka dawo. Me za ku tarar?"

Halliru ya tashi ya kwance sandar ƙarfen daga hannun gawar ya tafi da ita.

Marigayin ya rasu ya bar mai shi, Inna Dela. Ya bar tsohuwar abokiyar gabarsa kuma aminiyarsa, Inno, wadda ta fi kowa kuka, tana yi tana cewa ita ba don shi take yi ba. Ya bar Shatu da kaskon suyarta da ya yi wata huɗu a kife. Ya bar Adda, wadda shanunta har yanzu in sun zo wucewa sai sun karkato ta gindin tsamiya. Ya bar masu shiƙa shida, biyu daga cikinsu sun koma sayar da itace. Ya bar Lauwali a Kano da Hamma a Legas, ana roƙon duk wanda ya gan su ya gaya musu. Ya bar ƙannai da yawa irinsa a ƙauyuka, yawancinsu kaji ke kwana a cikinsu. Bai bar ɗa ba, domin masana'antar da ta haife shi an ce ta koma yin wani abu.

Iyalan suna godiya ga duk waɗanda suka aiko da gaisuwa, ban da mutum biyu. Na farko shi ne mai sayen tsohon ƙarfe da ya iso da sikelinsa tun gawa ba ta huce ba. An ba shi ruwa ya sha, an nuna masa hanya. Ana sanar da shi cewa wanda ya yi shekara goma sha bakwai ana auna abin da ya ɓare, shi ba za a ɗora shi a sikeli ba. Na biyu shi ne attajirin Kazaure, wanda ya aiko cewa saboda zumunci zai ɓare wa Inna sauran buhunan kyauta. An gode. Inna Dela ta ce a gaya masa ya bar kazar nan ta yi renonta cikin kwanciyar hankali. In Allah ya kai mu kaka, kuma gyaɗar ci ta samu har ta yi yawa, za a duba ko a aika masa da wadda za a matse. Ta shuka kuwa ko a mafarki.

Ga yadda za a yi jana'iza.

An tambayi Liman, ya yi dariya ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, amma babu laifi a yi wa masu shi addu'a, kuma zai zo da kansa. Daudu maƙeri ne ya karɓi gawar. Ya duba ya ce haƙoran ba sa ƙiruwa, don haka suna nan wurin Inna Dela a cikin wani ɗan kwano. Gangar jikin kuwa ya ce ƙarfe ne na gaske, irin wanda ba a yi yanzu. Zai sare shi ya ƙera sungumi, na saran ramin shuka. Ya auna ya ce guda goma zai fitar, ɗaya ga kowane gida da za a ba iri.

Zaman makoki kwana bakwai ne, daga Litinin mai zuwa, a gindin tsamiya, daga hantsi zuwa la'asar. Za a shimfiɗa tabarmar da aka saba lulluɓe shi da ita a daidai inda ƙafafunsa suka yi rami. Ba a bukatar goro, ba a bukatar hatsi, kada kowa ya wahalar da kansa. Abin da ake so kowane mai gaisuwa ya zo da shi ƙwarya ce ɗaya da babban yatsansa. Za a fito da buhu shida da rabi, a zauna a ɓare su ƙwaya-ƙwaya. Wanda ya iya ya koya wa wanda ya manta. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kwangila duk ɗaya ne a wurin, wanda ke tsoron farcensa ya gaisa daga nesa ya wuce. Inno ce za ta duba kowace ƙwarya, kuma an san ba ta da sauƙi. Rabin buhun da marigayin ya mutu a kansa an ba Shatu, ta riga ta tayar da kaskonta, ƙuli-ƙulinsa za a raba sadaka. Ɓawon duka na Adda ne.

Motar kamfanin su Halliru ta koma Kano ranar Asabar ba da shi ba. Daudu dai ya ba da labari cewa da sassafe ya same shi tsaye a ƙofar maƙera da sandar ƙarfen nan da aka kashe marigayin da ita, ya riga ya saye ta daga hannun Julius. Ya miƙa masa ya ce, "Baba Daudu, wannan za ta yi sungumi?" Daudu ya ce za ta yi. Saboda haka sungumi goma sha ɗaya ne. An ware wa mai na ƙarshen wuri a zaman makoki, dab da Inno, inda sandarta za ta iya kai masa.

Binnewa kuwa ba a sa rana ba, domin ba a hannun mutum take ba. Ranar da aka yi ruwan shuka na farko, da safe, za a ɗauki marigayin a kafaɗu goma sha ɗaya a fita da shi gonakin Roni da na hanyar Gwiwa. Za a sa shi a ƙasa a ɗaga, a sa shi a ɗaga, mata na biye suna jefa ƙwaya suna rufewa da diddige, har irin ya ƙare.

Wanda bai sami zuwa ba kuma yana son ziyartar kabari, ya bari sai bayan mako guda da shuka. Ya tsaya a bakin kowace gona daga cikin sha ɗayan nan ya duba layi. Inna Dela ta ce in ya ga giɓi ko ɗaya, ya zo ya gaya mata.